Daga Lamba Zuwa Allurar Mura: Tarihin Rigakafi a Ƙasar Hausa da Hukuncinsa ga Mai Juna Biyu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin rigakafi a ƙasar Hausa, tun daga zamanin Daular Sakkwato zuwa yau, domin amsa wata tambaya da ta fara shigowa makarantun matan aure: shin ya halatta mace mai juna biyu ta karɓi allurar rigakafin mura mai tsanani? Maƙalar ta nuna cewa karɓar rigakafi ko ƙinsa a tarihinmu ya fi rataya ga amana da tabbatar da labari fiye da saɓanin aƙida. Daga ƙarshe ta auna mas'alar da ma'aunin fiƙihun Malikiyya da manufofin Shari'a.

1.0 Gabatarwa

A wata makarantar Islamiyya ta matan aure da ke Unguwar Shanu, cikin ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, inda nake karantar da Risala a ƙarshen mako, wata ɗaliba ta tsayar da ni bayan darasi. Ta ce: “Allah gafarta Malam, cikina wata biyar, kuma ina da asma. Za mu tafi Umara da maigida, likita ya ce in yi allurar mura kafin tafiya. Maigida bai ƙi ba, amma Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce ba da yawunta ba, wai irin wannan allurar ce aka ce tana hana haihuwa. Mene ne hukunci?”

Tambayar ta fiƙihu ce a zahiri, amma tushenta tarihi ne. Hajiya ba ta kafa hujja da aya ko hadisi ba. Abin da ta ji a Kaduna a shekarar 2003 ne ya zauna mata a zuciya. Saboda haka duk mai son ba da fatawa a wannan babi, wajibi ne ya san daga ina tsoron ya samo asali, wane ɓangare nasa ne ke da dalili, wane ne kuma ba shi da shi.

2.0 Rigakafi Kafin Zuwan Turawa

Kuskure ne a ɗauka cewa da Turawa aka fara sanin rigakafi a wannan ƙasa. Kalmar kanta Bahaushiya ce, kuma Bahaushe ya daɗe da yanke hukuncin cewa rigakafi ya fi magani. Sunan Unguwar Shanu ma yana tuna mana da wata tsohuwar hikima ta makiyaya: Fulanin Afirka ta Yamma sun kasance idan ciwon huhu ya shiga garke, sukan yanko ɗan guntun huhun saniyar da ta kamu, su tsaga fatar hancin lafiyayya su cusa shi, domin ta yi ƙaramar jinya ta tsira daga babba. Haka kuma an san al'adar ɗiban ruwan ƙurjin mai agana a sanya wa lafiyayye cikin tsaga a wurare da dama na Afirka ta Yamma. Wani bawa ɗan Afirka mai suna Onesimus ne ya bayyana wannan hanya ga ubangidansa a Boston ta Amurka, aka kuma yi amfani da ita a annobar 1721. A shekarar ce ma aka gwada ta a Ingila, bayan matar jakadan ƙasar ta gano ta a Istanbul, fadar daular Turkawa Musulmi. Sai a 1796 Edward Jenner ya fito da hanya mafi aminci, wadda ita ma daga ƙurjin shanu aka samo ta.

Malaman jihadi ba su ɗauki ilimin likitanci bare ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magunguna, har da na ciwon ido da na basur. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, daga cikin abubuwan da Bello ya nema a aiko masa har da likita. Ke nan shugaban daular Musulunci, masanin Shari'a, bai ga aibi ba a neman ilimin lafiya daga wanda ba Musulmi ba.

3.0 Annobar Mura ta 1918

A watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya sauke fasinjoji masu mura mai tsanani a Ikko. Cikin 'yan makonni cutar ta bi layin dogo da koguna da hanyoyin fatake ta watsu cikin ƙasa. Layin dogo ya riga ya isa Kano tun 1911, Kaduna kuwa shekara ɗaya ke nan da zama hedikwatar Arewa bayan tashi daga Zungeru a 1917. Gari ne na sojoji da ma'aikatan jirgi da leburori, a kan hanyar da annobar ta bi. Masanin tarihi Don Ohadike ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 500,000 ne suka rasu a Nijeriya, daga cikin al'ummar da ba ta wuce miliyan 18 ba. A faɗin duniya ana ƙiyasta mutum miliyan 50.

Abin da ya shafi maudu'inmu shi ne yadda wannan annoba ta yi wa masu juna biyu ɓarna. Wani rahoto da aka buga a Amurka a 1919 ya bi diddigin mata 1,350 masu ciki da suka kamu: kashi 27 cikin 100 sun rasu, kuma kusan rabin waɗanda cutar ta sauka musu a huhu ba su tashi ba. A wancan zamani babu allura, ba a ma san ƙwayar cutar ba. Sai a 1933 aka gano ta a jikin ɗan Adam.

A nan akwai wata matsala ta harshe da ya kamata malamai su lura da ita. Kalmar “mura” a Hausa ta haɗa abubuwa biyu: ƙaramar murar hunturu da ke wucewa da kanta, da kuma infuluwenza, wadda ke zuwa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi, har takan sauka a huhu. Idan aka ce wa dattijuwa “allurar mura”, dole ta yi mamaki, domin a saninta mura ba ta wuce shayi mai citta da kanumfari ba. Amma ita ta biyun ba ta gushe ba. A watan Fabrairu na 2006 an tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji, cikin jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka. A 2009 kuma wata sabuwar mura ta zagaye duniya, har hukumomin Saudiyya suka shawarci masu juna biyu da su jinkirta aikin Hajji a shekarar.

4.0 Zamanin Lamba

Rigakafin zamani ya shigo Arewa ne ta hannun gwamnatin mulkin mallaka da En'e, kuma da agana ya fara. Hausawa suka kira shi “lamba”, saboda tabon da yake bari a dantse. Mutane da yawa sun riƙa ɓoye 'ya'yansu idan masu lamba suka shigo gari. Dalilan ba su da wuyar ganewa: hukumar da ta ci ƙasa da yaƙi, take ƙirga kawuna don haraji, ita ce ta zo da tsinke tana tsaga fatar yara, sau da yawa bisa tilas; ga shi zafin rana yakan lalata ruwan maganin kafin ya iso, sai a ga wanda aka yi wa lamba ya kamu.

Amma da aka samu busasshen magani mai jure zafi, aka kuma ƙaddamar da gangamin kawar da agana a Afirka ta Yamma a 1967 tare da hannun sarakuna da hakimai da dagatai, jama'a sun yi layi. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya, a 1980 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta cewa cutar ta ƙare a bayan ƙasa. Aƙidar mutane ba ta sauya ba tsakanin zamanin gudu da zamanin layi. Abin da ya sauya shi ne ingancin maganin, da kuma amincin wanda ya kawo shi a idon jama'a.

5.0 Yadda Amana ta Karye: 1988 Zuwa 2004

Abubuwa biyu ne suka share fagen abin da Hajiya take tunawa. Na farko, a 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da manufar yawan jama'a mai ƙarfafa cewa kada mace ta wuce 'ya'ya huɗu. Tun daga nan zargi ya ɗarsu cewa duk abin da hukuma ke rabawa mata da yara kyauta yana da nasaba da ƙayyade iyali. Na biyu, a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 10,000, kamfanin Pfizer ya gudanar da gwajin maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, kamfanin kuwa ya ce sanƙarau ne sanadi. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan magani ne na jinya, ba rigakafi ba ne, amma zuciyar da aka cuta ba ta tsayawa irin wannan bambancewa. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

A 2003 Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a Nijeriya, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, ta bayyana zargin cewa an gurɓata ɗigon rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa. Aka dakatar da aikin a jihohin Kano da Zamfara da Kaduna. Kano ce ta fi daɗewa. Sai a ƙarshen watan Yuli na 2004 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta amince a ci gaba, bayan an yi gwaje-gwaje kuma an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi.

Adalci shi ne a ce neman a gwada magani kafin a ba yara haƙƙi ne, musamman bayan abin da ya faru a 1996. Inda aka samu matsala shi ne zargi ya hau mumbari kafin bincike ya kammala, kuma zargi ya fi gyara saurin tafiya da tsawon rai. Yaran da shan inna ta kama a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa fiye da 1,100 a 2006. Cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan da Yaman da Indonesiya, ta kai Saudiyya ta wajabta wa alhazan Nijeriya, manya da yara, karɓar ɗigon. A watan Fabrairu na 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano.

Gyaran ya zo ta hanyar da ta yi aiki a zamanin lamba. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, malamai da limamai suka shiga ciki. A 2016 aka ga na ƙarshen waɗanda asalin ƙwayar shan inna ta kama, a jihar Borno, sa'annan ranar 25 ga Agusta, 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita. Yaran da aka ɗiga wa maganin a farkon shekarun 2000 sun girma, da yawansu sun yi aure sun haihu a gaban idonmu. Wannan zargi ma bai keɓanta da Musulmi ba: a 2014 limaman cocin Katolika a Kenya sun yi irinsa a kan allurar tetanus da ake yi wa mata.

6.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

Juna biyu yana sauya jikin mace: garkuwar jiki takan sassauta, zuciya takan ƙara aiki, mahaifa kuma takan matse huhu a watannin ƙarshe. Shi ya sa infuluwenza ta fi kai mai ciki gadon asibiti, kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini. Jariri kuwa ba a yi masa allurar sai ya cika wata shida. Kariyarsa a wannan tsakani ita ce wadda ta ratsa masa daga uwa ta mabiyiya.

An gwada wannan a ƙasashe masu kama da tamu. A Bangladash, binciken da aka buga a 2008 kan mata 340 ya nuna raguwar cutar da kashi 63 cikin 100 ga jariran da aka yi wa iyayensu allura. A Bamako ta ƙasar Mali, tsakanin 2011 da 2014, an bi mata fiye da 4,000, aka ga kariya ta kusan kashi biyu cikin uku a watanni huɗu na farkon rayuwar jariri, daga nan ta riƙa raguwa. A Afirka ta Kudu kariyar ta kai kusan rabi ga uwa da ɗanta. Waɗannan gwaje-gwaje ba su nuna ƙaruwar illa ga cikin ba. A 2017 wani ƙaramin bincike a Amurka ya ɗarsa shakka game da ɓari. Da aka maimaita shi da adadi mafi yawa, sakamakon 2019 bai ga wata alaƙa ba. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya masu juna biyu a sahun gaba na waɗanda ya kamata a yi wa wannan allura.

Sai dai a faɗi iyakarta. Kariyarta ba cikakkiya ba ce, tana ɗaukar kimanin mako biyu kafin ta kama, ana sabunta ta kowace shekara saboda ƙwayar tana sauya kama, kuma takan jawo ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Wadda ake yi wa mai ciki ita ce ta allura, mai ɗauke da ƙwayar da aka kashe. Ta fesawa a hanci ba a ba ta. Haka kuma ba ta cikin jerin rigakafin da gwamnatin Nijeriya ke bayarwa kyauta. Wadda ake yi a wurin awon ciki ita ce ta tetanus, cutar da ke shiga ta cibiyar jariri idan an yanke ta da ƙazamar reza, ta sandarar da jikinsa. An ƙiyasta jarirai 787,000 ne ta kashe a duniya a 1988. Zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa kimanin 25,000.

7.0 Ma'aunin Shari'a

Na farko, rigakafi ba ya karo da tawakkali. A annobar Amwas ta shekara ta 18 bayan Hijira, Halifa Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga Sargh bai shiga Sham ba, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida (R.A.) cewa kauce wa cuta shi ma yana cikin ƙaddarar Allah, sa'annan Abdurrahman bin Auf (R.A.) ya zo da hadisin da ya ƙarfafa matakin. A wannan zamani Shaikh Abdul'aziz bin Baz ya halatta rigakafi, yana kafa hujja da hadisin dabinon ajwa da ake ci da safe don kariya.

Na biyu, mazhabarmu ta daɗe da ɗaukar juna biyu a matsayin hali na rauni. Imam Malik a Muwaɗɗa ya riskar da mai cikin da ya cika wata shida da majinyacin da ake jin tsoron mutuwarsa, har ya taƙaita kyautarta ga sulusin dukiyarta. Mai Risala kuma ya ba ta damar ajiye azumi idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta. Shari'ar da ta ɗage mata farilla don kare ɗan tayi ba za ta hana ta abin da zai kare shi ba. Tsare rai da tsare zuriya suna cikin manufofi biyar da Gazali da Shaɗibi suka zayyana.

Na uku, akwai hadisin Judama bint Wahb (R.A.) a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim: Manzon Allah (S.A.W.) ya yi nufin hana miji kusantar matarsa mai shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya fasa. Wannan asali ne babba: a mas'alar uwa da jariri, an duba abin da jarrabawa ta nuna a wurin wasu al'ummu, ko da ba Musulmi ba ne.

Na huɗu, game da abin da aka haɗa maganin da shi, mafi yawan allurar mura a ƙwan kaza ake renon ƙwayarta. Taron Ƙungiyar Musulunci ta Ilimin Likitanci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa abin da ya rikiɗe gaba ɗaya daga asalinsa na najasa ya zama halal, ko da yake akwai masu saɓa wa wannan. Mai shakka tana iya neman takardar da ke cikin kwalin ta duba.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani yana sauyawa da hali, daga wajibi zuwa mustahabbi zuwa halal zuwa makaruhi, kuma izinin majinyaci mai cikakken hankali sharaɗi ne. A bisa wannan, abin da ya rinjaya a wurina shi ne: allurar mura halal ce ga kowace mai ciki, tana zama mustahabbi ga mai asma ko ciwon suga ko ciwon zuciya, da mai tafiya cikin cunkoson Hajji ko Umara, tana zama abin hani ga wadda likita ya tabbatar jikinta ya taɓa yi mata mummunan bore. Wadda ta bari ba ta yi zunubi ba. Ta tetanus kuwa ta fi ta ƙarfi nesa, domin cutar ta fi kisa, kariyar ta fi tabbata, kuma kyauta ce.

8.0 Kammalawa

Abin da na faɗa wa ɗalibata shi ne halinta ya haɗa dalilai biyu, asma da cunkoso, don haka karɓa ya fi. Ta yi a asibitin da aka sani, mako biyu ko fiye kafin tafiya. Izini nata ne, amma ta yi shawara da mijinta, kamar yadda aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ɗora yaye a kan yardar iyaye biyu da shawararsu. Hajiya kuwa kada a yi mata gardama. Ɗanta ya zauna da ita, ya amsa mata cewa tsoronta yana da tarihi, sa'annan a tafi da ita wurin likita ta yi tambayoyinta da bakinta.

Ga malamai da ɗalibai kuwa, darasin ƙarni guda shi ne jama'armu suna bin wanda suka amince da shi, kuma mumbari yana cikin wuraren da suka fi amincewa da su. Wannan amana ce mai nauyi. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umurce mu da tabbatar da labari kafin aiki da shi, aya ta 43 ta Suratun Nahl kuma ta mayar da mu ga masana a kan abin da ba mu sani ba. Wajibinmu ne mu tuhumi kamfani da hukuma idan sun ci amana, kuma wajibinmu ne mu janye zargi a fili idan bincike ya kore shi, domin maganar da aka faɗa a 2003 har yau tana yanke hukunci a ɗakunan Unguwar Shanu. Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya zuriyarmu bisa Musulunci. Allah ne Mafi sani.